Surukaina sun ce sunan ɗana Kwaku: in hana ko in ƙyale?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don Allah masu sani su taimaka. Ni Bahaushe ne haifaffen Kumasi, fataucin goro ne ya kawo kakana ya zauna. Matata 'yar Asante ce, ta musulunta tun kafin aurenmu. Allah ya sauke ta lafiya ranar wata Laraba, an samu namiji, mun raɗa masa suna Abdurrahman. To amma tun a asibiti, kafin ma a yi masa huɗuba, surukata da 'yan'uwanta suke kiransa Kwaku. Da na yi magana sai suka ce ai ba wanda ya sa masa, da abinsa ya zo. Na san sunayen nan tun ina yaro, da su Kofi da su Yaw muka yi makaranta, amma ban taɓa tsayawa na bi ba'asinsu ba sai da abin ya shigo gidana. Abu biyu ke damuna. Ko akwai bautar wani abu a cikin sunan? Sannan duk garin nan cewa ake Kwaku fitinanne ne, mai neman rigima. Ba na so a liƙa wa ɗana wannan tun yana cikin zanin goyo. In hana su, ko in ƙyale?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki ɗana, Allah ya raya Abdurrahman, ya ba mai jego lafiya. Ni dai ban ga abin tashin hankali ba. Mu ba mu da irinsa ne? Da a Kano aka haife shi ran Laraba, da tuni kakarsa ta ce Bala ko Balarabe, kuma ba mai cewa uffan. Ɗanladi da Ladi, Ɗanliti da Altine, Talatu, Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe, duk ba sunayen rana ba ne? Ni ina da sunan yanka, amma har na yi jikoki Lami 'yan'uwana suke ce mini. Tsohuwa ta ga jikanta ta kira shi da harshenta. Ka bar ta.

Abu Sumayya:
Allah ya raya bisa sunna. Hajiya ki yi mini afuwa, a nan ban bi ki ba. Laraba daga Larabci ta zo, rana ta huɗu ke nan, ƙirga ce kawai. Bala ba ya ɗauke da komai sai cewa Laraba aka haife shi. Na mutanen Akan, wato Asante da 'yan'uwansu irin su Fante, ba haka yake ba. Su kradin suke ce masa, sunan kurwa. A gargajiyarsu kurwar mutum takan yi sallama da Mahalicci, ta karɓi rabonta, sannan ta shigo duniya ta ranar da aka haife ta, kuma kowace rana da halin da take sa wa 'ya'yanta. Wannan aƙida ce, ba kalanda ba ce. Ku tambayi duk wanda ya iya Twi, harshen Asante, cikin kirarin da ake yi wa Kwaku har da Bonsam. Bonsam kuwa Shaiɗan ne a harshensu. Wane uba ne zai ji ana yi wa ɗansa wannan kirari ya yi shiru?

Hajiya Mai Atamfa:
Subhanallah. Wannan kam ban sani ba. To masu ilimi ku fito mana.

Malamin Asawase:
Ina koyarwa a makarantar sakandare a nan Kumasi, kuma rabin ɗalibaina da waɗannan sunaye nake kiransu, don haka bari in sa baki.

Maganar Malam Abu Sumayya tana da tushe. Sunayen ranakun ne tukuna: Kwasiada Lahadi, Dwoada Litinin, Benada Talata, Wukuada Laraba, Yawoada Alhamis, Fiada Juma'a, Memeneda Asabar. Daga cikinsu ake cire sunan yaro. Namijin Lahadi Kwasi ko Akwasi, mace Akosua. Litinin Kwadwo da Adwoa. Talata Kwabena da Abena. Laraba Kwaku da Akua. Alhamis Yaw da Yaa. Juma'a Kofi da Afua. Asabar Kwame da Ama. Wannan bakin Asante ne. In ka gangara bakin teku wajen Fante sai ka ji Kwesi, Kojo, Kobina, Kweku, Ekow, mata kuma Esi, Araba, Ekua, Aba, Efua.

Wani Bajamushe ɗan mishan, Christaller, wanda ya fitar da babban ƙamus na Twi a 1881, ya bayyana cewa "Kwa" ɗin da ke farkon sunayen maza daga akoa take, wato mutum ko bara, sai a haɗa ta da sunan wanda aka jingina ranar gare shi. Ke nan Kwaku shi ne mutumin Wuku. Ban ɓoye wannan ba don shi ne asalin abin, kuma wanda ya yi tambaya ya cancanci ya ji gaskiya.

Amma fa ku sani, ranakun nan sun ratsa rayuwarsu gaba ɗaya, ba sunan yara kaɗai ba. Ƙasa da ake nomawa Asase Yaa suke kiranta, shi ya sa a ƙauyukan Asante da yawa ba a zuwa gona ran Alhamis. Masunta a bakin teku ba sa fita ran Talata. Shi kansa Mahalicci suna ce masa Onyankopon Kwame, sun ba shi Asabar. Bature kuma Kwasi Broni, don sun gan shi da zuwa coci ran Lahadi. Duk wanda ya buɗe baki ya yi Twi, ko limami ne, sai ya ce Wukuada in yana nufin Laraba. Ba wata kalmar.

Abu Sumayya:
To Malam ka ƙara ƙarfafa maganata. In "Kwa" bara ce, ai ya zama baran wanin Allah. Malamai sun haɗu a kan haramcin suna irin Abdul Uzza da Abdul Ka'aba, Ibn Hazm ya kawo ijma'i a kai.

Maman Esi:
Salamu alaikum. Ni Bafantiya ce, Musulma, a zango na girma shi ya sa nake jin Hausa. Yayana Abu Sumayya, wallahi na fahimci tsoronka, amma ina roƙonka ka saurare ni. Ka shiga kasuwar Kejetia ka tare mutum ɗari masu suna Kwaku ka tambaye su wane ne Wuku. Za su ce maka Laraba aka haife su, shi ke nan. Akoa ɗin ma a bakinmu yau "wannan mutumin" ce, kamar ka ce wani taliki. Ba mai yi wa Wuku yanka, ba shi da ɗakin tsafi. Fastoci suna da sunan rana, limaman Asante Nkramo, wato Musulmin Asante, da yawansu suna da shi.

Kai kuma ƙanena mai tambaya, ga abin da nake so ka riƙe. Surukarka ba ta raɗa wa ɗanka suna ba, kuma ko a al'adarmu ba ta da wannan ikon. Sunan rana ba a sa shi, faɗinsa kawai ake yi. Sunan gaskiya uba ne ke bayarwa, ranar da kwanan haihuwa ya zagayo. Mu muna ƙirga ta rana ta takwas don muna haɗawa da ranar haihuwar, amma ita ce dai ranar da Hausawa ke yin suna. Kafin nan jariri baƙo ne a wurinmu, ba a fita da shi, don ba a tabbatar ya zo zama ba. Ran suna da sassafe, kafin rana ta fito, a tara dangi. Dattijo daga dangin uba ya ɗora yaron a cinya, ya tsoma yatsa a ruwa ya ɗiga masa a harshe, ya kira sunansa ya ce: in ka ce ruwa ne, to ya kasance ruwa ne. Sai ya tsoma a giya ya sake ɗigawa ya ce: in ka ce giya ce, to ta kasance giya ce. Koya masa ake yi kada ya zama mai baki biyu. Gidajen Musulmi da na Kirista da yawa sun daina giyar, sai su sa zuma ko lemo. Sunan kuma uban kan ɗauko shi daga wani mutumin kirki a danginsa, mahaifinsa ko wani da ya yi masa halacci.

Kai ka riga ka yi naka. Ka ce Abdurrahman. In surukarka ta san al'ada, ta san nan maganar ta tsaya.

Ɗan Aboabo:
Na gode Yaya. Wannan ya ɗan sanyaya mini zuciya. Amma maganar fitinar fa? Ko jiya da ya yi ta kuka da dare, da safe ƙanwar matata cewa ta yi, "Ai Kwaku ne, ya fara."

Maman Esi:
Wannan kam ita ce ya kamata ka tsawatar. Yawancin abin daga Ananse ya samo asali. Gizonmu na tatsuniya cikakken sunansa Kwaku Ananse, mai wayo, mai haɗama, mai cutar abokan tafiya, daidai da Gizo mijin Ƙoƙi. Kowane yaro da labarinsa ya tashi. Shi kuwa Kwadwo ɗan Litinin, kirarinsa Okoto, an ce mai sanyi ne mai son zaman lafiya. Kofi an ce mai yawo ne, ba ya zama wuri ɗaya. Yaw jarumi. Da Litinin aka haifi ɗanka ya yi irin wannan kukan, cewa za su yi ciki ne ke damunsa.

Malama daga Zariya:
Barka da samun ƙaruwa. Ni fannin tarbiyyar yara na karanta, kuma wannan magana taku akwai wani sanannen bincike a kanta. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Gustav Jahoda, ya koyar a ƙasar Gana tun tana Gold Coast. Ya ji Asante suna cewa Kwadwo mai natsuwa ne, Kwaku mai rigima, sai ya je ya duba takardun kotun yara. A 1954 ya wallafa abin da ya samu: 'yan Litinin sun yi ƙaranci a cikin yaran da aka gurfanar, 'yan Laraba kuwa sun yi yawa a laifukan da suka shafi faɗa da taɓa lafiyar wani.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe camfin gaskiya ne. Laraba ba ta da hannu a ciki. Yaro ne tun yana rarrafe ake ce masa kai fitinanne ne. In ya mari ɗan'uwansa a yi dariya a ce halinsu ne. In aka yi ɓarna a unguwa shi za a fara nema. Wanda ake ce masa mai haƙuri kullum, shi ma sai ya yi ta ƙoƙarin ya cika sunan. Manya ne suka ɗora musu, yaran suka ɗauka. Mu ma muna yi. Sau nawa muka ce auta shagwaɓaɓɓe ne, ɗan fari wawa ne, Gambo ya fi 'yan biyu hatsari? Har yaron ya girma yana jin haka.

Saboda haka ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar ƙanwar matarka, fiye da sunan kansa. Ita za ka tare tun yanzu, cikin ladabi.

Abu Sumayya:
A wannan na yarda da Malama ɗari bisa ɗari. Camfi da rana shi ne ɗiyara, kuma Annabi (SAW) ya kore ta. Kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa. Sai dai ina ganin in an bar sunan, camfin zai biyo shi. Annabi ya canza munanan sunaye, ya mayar da Asiya mai ma'anar mai saɓo zuwa Jamila.

Alaramma na Sabon Zango:
Allah ya yi wa jariri albarka. Ɗana Abu Sumayya, kishinka mai kyau ne. Amma a duba abu biyu. Wanda ya kawo ijma'in nan shi da kansa ya keɓe Abdul Muɗɗalib, kuma Manzon Allah ya ce "ni ɗan Abdul Muɗɗalib ne" a ranar Hunaini. Malamai sun bambanta tsakanin raɗa suna da faɗin abin da aka san mutum da shi. Uban yaron nan bai raɗa Kwaku ba. Ya zaɓi ɗaya daga sunaye biyu da hadisi ya ce su ne mafi soyuwa ga Allah. Na biyu, tsohuwar nan kakar yaron ce, zumuncinta wajibi ne a kansa ko da ba Musulma ba ce. 'Yarta ta bar addinin gidansu ta bi namu. In abu na farko da ta gani daga wurinmu shi ne an hana ta kiran jikanta da harshenta, me muka nuna mata? Ni a ganina kirarin Bonsam a hana shi ƙememe, camfi a hana shi, in an zo da maganar ɗiga giya ko zuba wa kakanni abin sha a ƙasa a ce a'a. Sunan rana kuwa a bar mata. Amma kai mai tambaya ka je wurin malamin unguwarku wanda ya iya Twi kuma ya san gidan, ya fi mu ganin lamarin.

Ɗalibi a Legon:
Iyayena ku ba ni dama in ƙara kaɗan, don a ga nauyin abin a wurinsu. Kujerar zinariyar Asante, wadda suka ce bokansu Okomfo Anokye ya saukar wa Osei Tutu, sarkin Asante na farko, sunanta Sika Dwa Kofi, saboda ran Juma'a ta sauka. A kanta Yaa Asantewaa, 'yar Alhamis, ta ja yaƙi da Turawan Ingila a 1900 bayan Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa ita.

Kofi Annan cikakken sunansa Kofi Atta Annan. An haife shi a nan Kumasi ran Juma'a, 8 ga Afrilu 1938. Atta ɗan tagwaye ne, abokiyar tagwaicinsa Efua Atta. Annan kuma asalinsa sunan ɗa na huɗu ne. Suna da na jeri haka: Manu na biyu, Mensa na uku, Badu na goma. Nkrumah na tara ke nan. Shi Kwame Nkrumah ma, shugaban Gana na farko, ranar haihuwarsa da aka rubuta a hukumance 21 ga Satumba 1909 ce, wadda ta faɗo Talata, amma shi ya ce 18 ga wata ne, Asabar, don ita ta dace da Kwame. Sunan nan shi ne takardar haihuwar mutanen da.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne waɗanda aka kwashe bauta. An raba su da komai, amma sunan rana ya haye teku da su. Cudjoe, shugaban bayin da suka gudu duwatsun Jamaika har Ingila ta yi sulhu da su a 1739, Kwadwo ne. Cuffy da ya ja tawayen Berbice a 1763, wanda Guyana ta ɗauka gwarzonta, Kofi ne. Quamina na tawayen Demerara, ita ma a Guyana ta yau, a 1823 Kwamena ne, ɗan Asabar. Mutanen da suka riƙe abu a cikin jirgin bayi, ba na jin za su sake shi don suruki ya ɓata rai.

Tsohon Bafatake:
Yaro ka yi karatu, Allah ya ƙara basira. Mu iyayenmu Tonawa suke ce musu. Tun ana kai shanu da kanwa Salaga a dawo da goro muke cuɗanya da su, kuma ba su kaɗai suka ba mu ba, mu ma mun bayar. Ka je arewacin Gana ka ji Lamisi, Asibi, Talata, Lariba, Tani a gidajen da ba Hausawa ba. Wa ya kai musu? Sannan akwai inda muka yi daidai da su ba tare da kowa ya koya wa kowa ba. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa, mu sai a sa wa na gaba Ajuji ko Ayashe don mutuwa ta raina shi ta wuce. Su sai su ce Sumina, juji ke nan. Wanda ya biyo 'yan biyu mu Gambo, su Tawia. Ban ce a yi camfi ba, Alaramma na ji. Cewa nake in za mu tsince na gidan surukai, mu fara duba namu sunayen.

Direban Abijan:
Gyara ɗaya don masu zuwa Kwaddibuwa. Baule ma Akan ne, sunayen iri ɗaya, amma ranakun sun goce. A wurinsu Kouassi Litinin ne, Kouadio Talata, Konan Laraba, Kouakou Alhamis, Yao Juma'a, Koffi Asabar, Kouame Lahadi. Ke nan Kwakun Kumasi ɗan Laraba ne, na Buwake ɗan Alhamis. In da rana ce ke yin hali, wanne ne fitinannen a cikinsu?

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da matata na karanta mata duk abin da kuka rubuta. Ta ce ita ma maganar "ya fara" ta yi mata zafi, kunya ce ta hana ta magana. Amma akwai abin da ban faɗa ba da farko. Kun san su dangin uwa suke bi. Tsorona kada Kwaku ya zama ƙofar da za a ce yaron nasu ne.

Maman Esi:
Ƙanena, gaskiya ne a wurinmu jini na uwa ne, mogya, kuma yaro ɗan abusua ne, wato dangin uwarsa, ko ka yarda da sunan ko ba ka yarda ba haka za su ɗauke shi. Amma al'adar da ta ce haka ita ce ta ce ntoro, wato ruhi da ɗabi'a, na uba ne, kuma tarbiyya da suna da nema wa ɗa sana'a duk a wuyan uba suke. Sunan rana ba na dangin uwa ba ne, ba na dangin uba ba ne. Hana shi ba zai rage musu komai ba, sai dai ya sa su ji ana ture su. Ka saya wa tsohuwa turmin atamfa ka je gaishe ta da kanka. Ka ce Maame, na gode da wahalar jego. Kiransa da kike yi ban hana ba, amma ina roƙon kada a ce masa fitinanne, kada a yi masa kirarin Bonsam. Ka roƙe ta ta koyi faɗin Abdurrahman, in ya yi mata nauyi ta ce Rahman ko Draman yadda ake faɗi a nan. In ita ta tsawatar, ƙannen matarka ba mai sake yi.

Alaramma na Sabon Zango:
Draman ɗin dai ya fi, 'yata. Rahman shi kaɗai sunan Allah ne, ba a kiran bawa da shi.

Abu Sumayya:
Ni har yanzu da ɗana ne zan fi so sunan ya tsaya a bakin kakarsa kaɗai, kada ya shiga takardar haihuwa ko rajistar makaranta. Amma ban ce a yi faɗa da tsohuwa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Ai takarda a hannun uba take, Malam, shi zai je ya rubuta. Ɗana, in za ka je wurin surukar taka ka tafi da wata babba daga danginka, gwaggo ko inna. Irin wannan magana ta fi daɗi a bakin mata, kuma za ta ga an girmama ta.